Tayar da Baduku Ya Ɗinke

Ko na manta da komai na aikin garaj, ba na jin zan manta da ranar da wani tsoho ya ratso taron jama'a da guntun taya a hannunsa, yana murmushi, ya raba abokina da aikinsa ba tare da ya san ya yi ba. Ku da kuke faci yanzu a bakin kwalta, kowa da injin iskarsa yana cika wa mutane kunne, ku ɗan ajiye guduma ku saurara. Har da kai mai dariyar can, don jiya na ga abin da ka liƙa wa bawan Allah a gefen tayarsa ka sallame shi.

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ne, kafin a ba mu ƙasa. Ina aiki a garajin wani kamfanin jigila a Magarya. Kamiyo gare mu, manyan motocin kaya, waɗanda da kaka suke kwaso gyaɗa daga kasuwannin ƙauye, da bazara kuma su mayar da iri. Shef ɗin garajin, wato shugabanmu, Bature ne, muna ce masa Mai Lofe, don lofen nan ba ya barin bakinsa ko babu taba a ciki. A ƙarƙashinsa akwai makanikai, sai ni Lawali mai kula da tayu, sai masu tuƙi, da muke kira shofer. Duk tayar da za ta hau mota ta hannuna take bi, wadda ta sauka kuma wurina take dawowa.

Bari in yi muku bayanin dokar da muke aiki da ita, don in ba ku gane ta ba, ba za ku gane labarin ba. Tayar wancan lokaci biyu ce a haɗe: akwai robar ciki mai riƙe iska, akwai ta waje mai kauri, wadda zare ya ratsa jikinta, shi ne ƙarfinta. Idan ƙaya ko ƙusa ta huda robar ciki, shofer yana da izini ya ciro ta, ya kankare, ya shafa gam, ya liƙa faci, ya buga famfo ya kama hanya. Amma idan ta wajen ce ta tsage, musamman a gefe inda take lanƙwasa duk juyin da ta yi, to babu hannunsa. Ya sa tayar ajiya. In babu, ya zauna inda yake ya aiko garaj, ko da zai yi kwanaki yana cin tuwon ƙauye.

Ba Mai Lofe ne ya ƙago wannan doka don mugunta ba. Asiransi ce ta kawo ta, abin da a ƙetaren iyaka ake ce wa inshora. Kamfani yana biyan wani ofishi a Damagaram duk shekara, da sharaɗin in mota ta yi ɓarna, ofishin ne zai ɗauki nauyi. Su ma da nasu sharaɗin: motar ta kasance lafiyarta lau, kuma duk babban gyaranta ya zama na garaj ne. In suka gano an yi mata gyaran daji, sai su kakkaɓe hannunsu. Ba a nan take tsayawa ba, takardar bincikensu sai ta wuce wurin jandarma, 'yan sandan Faransa, su kuma su karɓe permin shofer, wato takardar izinin tuƙi.

Ku yanzu permi ba komai ba ne a wurinku, kowane yaro yana da shi a aljihu. A lokacin, mai permi a duk faɗin ƙasar Magarya ana nuna shi da yatsa. Abokina Habu, mutumin Kwaya, sa'ana, ya yi shekaru yana bin mota, yana ɗaukar jak, yana kwana ƙarƙashin kamiyo, kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. Ya je jarrabawa Damagaram ya faɗi, ya koma ya sake faɗuwa, bai fasa ba sai da ya samu. Da permin nan yake ci da mahaifiyarsa, da matarsa da 'ya'yansa, da ƙannensa, don gonar gidansu yashi ya gama cinye ta. Kuma kada ku ɗauka irin shoferan nan ne masu rawar kai. Hawainiya muke kiransa saboda tafiyarsa. Mutum ne da in ya ga rami sai ya sauka ya duba shi da ƙafa kafin ya shiga.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya riga iri fita. Al'adar ita ce hukuma ta ajiye irin gyaɗa a sito, in damina ta matso a kai wa manoma rance, su biya da kaka. To aka yi jinkirin buɗe sito, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, wanda ya game ko'ina. Aka loda wa Habu buhuna aka ce ya nufi Mallawa, can ma'aikacin rabo yake jira da manoman ƙauyukan da ke kewaye. Buhunan a ɗinke suke da hatimi, shofer ba shi da ikon kwance ko ɗaya sai a gaban ma'aikacin.

Abin da ya biyo baya ba na wurin, daga bakin Habu na ji shi, daga baya mutanen ƙauyen suka cika mini sauran. Kafin ya kai Dungas tayar baya ta yi masa tsiya, ya sa ta ajiya. Bayan ya wuce Dungas, kusa da wani ƙaramin ƙauye, wani kututture da jiƙaƙƙen yashi ya rufe ya soki tayar gaba ta dama, ya tsaga gefenta, tsagar ta kai tsawon tafin hannu. Ga shi babu wata tayar ajiya. Ya kuma san motar da muke kai agaji da ita tana wani wurin, ko ya aiko yau, ba yau ba, ba gobe ba.

Mutanen ƙauyen suka fito suka kewaye motar. Su ma suna cikin masu jiran irin. Duk wanda ya yi noma a ƙasarmu ya san halin yashinmu, ba ya riƙe laima. Rana ta buga kwana biyu uku, shi ke nan, sai ka jira wani ruwan, kuma ba ka san ranar zuwansa ba. Ga iri a gabansu suna jin ƙamshinsa, ga ƙasa a jiƙe, ba su da ikon taɓawa.

Mai garin, dattijo ne mai sanyin magana, ya ce masa, "Ɗana, ga iri, ga laima, ga hannuwa. Ƙafar motarka kaɗai ta shiga tsakani. Babu dabara?"

Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, dabarar ba tawa ba ce. Doka ta hana ni taɓa irin wannan tsaga."

Mai gari ya ce, "Doka ta hana ka. Mu fa?"

Ya sa aka kira Baba Mutari, badukun garin. Wannan tsoho wasaki yake ɗinkawa, gugan fata da ake jan ruwa da shi a rijiyoyinmu masu zurfi, da salka, da linzami. Sunansa ya kai har kasuwannin ƙetaren iyaka, ana cewa wasakin Baba Mutari sai dai fata ta ruɓe, amma ɗinki ba ya ɗiga. Ya zo da jakar kayansa, ya tsuguna, ya shafa tsagar, ya lanƙwasa ta, ya ce, "Af! Wannan ai fata ce, ta Nasara dai. Abin da ya tsage ai ɗinke shi ake yi."

Habu ya ce mini ya daɗe a tsaye yana kallon tayar, yana kallon mutane. Gaba kura, baya sayaki. Wata tsohuwa ta ɗebo jiƙaƙƙen yashi ta dunƙule a hannunta ta nuna masa. Nan zuciyarsa ta karye. Ya ɗaga motar, ya ciro tayar, ya yi wa robar ciki faci irin wanda aka yarda da shi. Tsohon kuma ya yanko kirgi, jemammiyar fatar bijimi mai kauri, ya shimfiɗa ta ciki, ya sa basilla yana huda roba da fata tare, yana ja da tsirkiya, ɗinki kusa da kusa. Da ya gama ya tofa addu'a, aka mayar da tayar, aka buga iska, ta tsaya cak.

Ya shiga Mallawa yana tafiya kamar mai rakiyar amarya, mazan ƙauyen na biye da shi a ƙasa. Aka raba iri, kowa ya ruga gona. Shekarar nan an yi gyaɗa a yankin, wannan kam babu mai musu.

Da a nan ya tsaya, da babu labarin da zan ba ku. Abin da ya kamata shi ne ya zauna a Mallawa ya aiko mini in kai masa taya. Amma ya ga ɗinki ya ɗauki mota cike da kaya bai ko motsa ba. Ya ce a ransa, balle yanzu da take wayam? Dabararsa ita ce ya lallaɓa ya shigo garaj, in canza ta, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani. Ya juyo da hantsi, rana ta buɗe, hanya ta bushe ta yi tauri, mota ba nauyi. Ƙafa kuwa in ta ji daɗin hanya ba ta neman shawarar mai ita. Daidai ƙauyen da aka yi ɗinkin, inda hanyar rijiya ta ratsa ta mota, tayar ta fashe. Sitiyari ya ƙwace, motar ta yi cikin shanun wani makiyayi mai suna Sambo da ke dawowa daga shan ruwa. Saniya biyu suka mutu nan take, ƙafar Sambo ta karye, motar ta je ta jingina da wani gawo.

Mu muka je janyo ta. Aikina ne in duba tayar, na duba. Gefenta babu, wani babban yanki ya fita ya tafi, ko sama ko ƙasa. Na sa kaina ciki, sai na ji warin jima, warin bagaruwar nan da ake jeme fata da ita. Taya ba ta warin bagaruwa. Na ɗago na kalli Habu, ya sunkuyar da kai.

Da muka koma Magarya na ja shi bayan garaj. Wallahi raina ya ɓaci.

Na ce, "Habu, kai ne? Kai da muke kafa misali da kai? Fata a cikin tayar gaba?"

Ya ce, "Lawali, da kana wurin, da ka ga idanunsu."

Na ce, "Na ji ta zuwa. Ta dawowar fa? Su wa suka roƙe ka?"

Ya ce, "Wannan kam ni na roƙi kaina."

Na ce masa, "Ka ji da kyau. Abin da aka tambaye ni zan amsa, ba zan rantse a kan ƙarya ba. Amma ba zan bi kowa da labarin da bai nema ba." Ya ce ya gode, bai nemi fiye da haka ba.

Bayan 'yan kwanaki mai binciken asiransi ya zo daga Damagaram. Wani siririn Bature ne mai tabarau, ba shi da hayaniya, kuma ni dai ban ga mugunta a tare da shi ba. Tsarin aikinsa shi ne ya ga motar, ya ji ta bakin garaj, sannan ya je inda abin ya faru ya ga wanda aka ji wa rauni, ya ɗauki shaidar mai gari. Ya tambaye ni yaushe aka sa tayar, na faɗa. Ya tambaya ko an taɓa yi mata gyara a garaj, na ce a hannuna ba a taɓa ba. Ya duba abin da ya rage nata, ya ɗaga kafaɗa, ya ce a wannan zafi da waɗannan hanyoyi fashewar taya ba abin mamaki ba ne. Mai Lofe ya ce in bi su ƙauyen ko za a buƙace ni. Muka tafi, ni da mai binciken da tafinta da Habu.

Ashe a ƙauyen an riga an ƙulla magana. Mai gari ya tara mutanensa ya ce, yaron nan don mu ya shiga wannan hali, kada wanda ya ambaci ɗinki a gaban baƙo. Ya kira Baba Mutari gefe ya ce masa, "Baba, in Bature ya zo ka zauna gida. Za mu rufa asiri."

Nan aka yi kuskuren, kuma babu wanda ya lura. Mai gari asirin Habu yake nufi, amma bai tsaya ya yi wa tsohon bayanin asiransi da permi ba, ya ɗauka kowa ya gane. Shi kuwa tsohon abin da ya shiga ransa shi ne garinsu ya yanke cewa aikinsa ne ya gaza, ana so a ɓoye kunyarsa. Ga shi kuma magana ta riga ta fita. A kasuwar Mallawa dukawa 'yan'uwansa suna tsokanarsa, suna cewa ɗinkin Mutari ya fara cin shanu. Mata a bakin rijiya in wasaki ya ɗiga sai su kwashe da dariya. Wani da ya kawo fata a yi masa salka ya aiko ya karɓe abarsa. Mutumin da tun yana saurayi ba a taɓa dawo masa da aiki ba! Sai ya bar rumfarsa, kullum ya ɗauki sanda ya shiga dajin da ke gefen hanya, yana bin gindin sabara ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yansa suka ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Muka isa aka yi mana shimfiɗa a ƙofar mai gari. Aka kawo Sambo a kan gadon kara, maɗori ya ɗaure masa ƙafa. Mai bincike ya tambaye shi yadda abin ya faru. Sambo ya ce shi dai ƙara ya ji kamar bindiga, sai ya gan shi a ƙasa, tsautsayi ne, kuma ba ya wuce ranarsa. Mai gari ya ba da shaida cewa shofer ɗin nan sun san shi, ba ya gudu, ba ya shaye-shaye. Duk gaskiya suka faɗa, sai dai ba duka ba. Bature ya rubuta, ya rufe alƙalaminsa, ya fara neman hularsa. Na saci kallon Habu, na ga ya saki wata ajiyar zuciya. Ni ma na ce alhamdu lillahi a raina.

Sai muka ji murya daga baya, "Ku ba ni hanya! Ku ba ni hanya in ga Nasaran!"

Baba Mutari ne, da babbar rigarsa ta sallah, ya sha rawani. Wasu samari suka yi yunƙurin tare shi, ya daka musu tsawa. Wa zai riƙe tsoho a gaban baƙo? Ya zo har tsakiyar tabarma ya ajiye abin da ke hannunsa. Yankin tayar nan ne da ya ɓace. Ga kirgin a manne, ga ɗinkin reras, ko ɗaya bai tsinke ba. Robar ce ta yage ta kewaye shi, kamar yadda tsohuwar riga ke yagewa a gefen sabon faci.

Ya dubi tafinta ya ce, "Yaro, gaya masa. Ni ne Mutari baduku, ni na ɗinka wannan. An ce aikina ya kwance ya kashe shanun Sambo. Ga shi nan, ya duba da idonsa, ya ƙirga. In ya sami ɗaya da ya saki, a yanke mini hannu. Robarsu ce ba ta da ƙwari, ba ɗinkina ba."

Ya juya ga jama'a, fuskarsa cike da haske, ya ce, "Ku kuma da kuke cewa za ku rufa mini asiri, na gode, amma ba ni da abin rufewa."

Kai, jama'a! Mai gari ya dafe kai da hannu biyu. Tafinta ya kalle ni, na kalli ƙasa. Bature ya ce a fassara masa, amma ai ba ya buƙatar fassara, ya riga ya ɗauki abin yana juyawa. Ya daɗe yana bin ɗinkin da yatsa. Sannan ya buɗe alƙalamin da ya rufe, ya tambaya wa ya ba da izinin a yi wannan aiki a kan motar kamfani.

Mai gari ya buɗe baki zai ce shi ne, Habu ya riga shi. Ya miƙe tsaye ya ce, "Ni ne. Motar a hannuna take, ni na san doka. Su taimakona suka yi."

Tsohon bai fahimci komai ba. Ya ja rigar tafinta yana cewa, "Me ya ce? Ya yarda bai kwance ba?"

Tafinta ya ce, "Ya yarda, Baba. Ya ce bai taɓa ganin ɗinki mai kyansa ba." Kuma haka Baturen ya faɗa, ni ma na ji.

Ni aka bar wa aikin yi masa bayani, tunda ni ne mai taya. Na tsuguna kusa da shi na ce, "Baba, ba ingancin ɗinkin aka zo dubawa ba. An zo duba ko an yi ɗinki ne ko ba a yi ba. Tunda an yi, masu biyan ɓarna sun fita, shi kuma Habu za a karɓe masa izinin tuƙi."

Ya ce, "To in bai kwance ba, ina laifin?"

Na ɗauki yankin na nuna masa bakin yagewar, inda zaren taya ya fito buzu-buzu. Na ce, "Ka ga wannan zaren? Shi ke riƙe ta. Duk inda basillarka ta shiga, ta yanke shi. Fata in ka huda ta ka ja, sai ta kama. Wannan in ka huda ta, sai ta fara mutuwa daga wurin."

Ya kalli zaren, ya kalli Habu da ke tsaye. Murmushin ya tafi a hankali. Ya ce, "Wato ni na kawo musu shaidar da hannuna?" Sai ya zame ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, rawaninsa ya warware bai ko gyara ba. Wallahi na ji tausayin Habu, amma a wannan lokacin tausayin tsohon nan ya fi kama ni.

An yi roƙo, ba a bar komai ba. Mai gari ya ba da labarin ruwan da irin tun daga farko. Sambo daga kan gadonsa ya ce shi ma manomi ne, gyaɗar da ta tsiro a bayan rugarsa daga motar nan ta fito, ya yafe ƙafarsa, ya yafe shanun. Bature ya saurara har ƙarshe. Ya ce ta bakin tafinta, da bai gani ba, da bai gani ba, amma yanzu ya gani a gaban gari guda, ba zai iya sa hannu a kan wani abu dabam ba. Ya yi alkawarin zai rubuta dalilin da ya sa aka yi ɗinkin, kuma ya cika, don an karanta mana daga baya.

Abin da wannan ya tsinana shi ne Habu bai shiga kurkuku ba. Sauran kuwa ya tafi yadda doka ta tsara. Asiransi ta janye, nauyin motar da na Sambo ya dawo kan kamfani. Mai Lofe ya yi faɗa da Faransanci har lofen ya faɗi, daga baya ya shiga ofis ya rufe ƙofa, don shi ma yana son Habu. Jandarma suka kira Habu, suka karɓi permin, suka ce ba zai sake neman wani ba. Kamfani ya sallame shi.

Ranar da zai bar Magarya, sai ga Baba Mutari a ƙofar garaj, ƙafafunsa sun yi futu-futu. A ƙasa ya tako tun daga ƙauyensu. Ashe ya fara zuwa ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya zauna a bakin ƙofa yana roƙon a ɗaure shi a mayar wa yaron takardarsa, masu gadi suka ce masa babu dokar da ta san da shi, ya tafi gida. Da ya ga Habu sai ya durƙusa, tsoho da furfurarsa.

Habu ya yi sauri ya ɗaga shi ya ce, "Haba Baba, kada ka ɗora mini wani nauyin. Kai sunanka ka je karewa, kuma gaskiya ka faɗa. Ni ne aka karanta wa doka, ba kai ba."

Tsohon ya ce, "Ɗana, da na sani, da na bar su suna yi mini dariya har in mutu."

Habu ya ce, "Na sani, Baba."

Akwai kamiyon da zai bi ta wajen Kwaya, na roƙa masa wuri. Shofer ɗin, wanda Habu ne ya koya masa tuƙi, ya sauko ya buɗe masa ƙofar gaba. Habu ya girgiza kai, ya jefa ƙullin kayansa baya, ya taka taya ya hau kan buhuna tare da sauran fasinja. Na juya na shiga rumfar tayu, don ban so a ga idona ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, kuma na yi aiki da shi har na ajiye guduma, shi ne a sana'armu ba mugu ne ke kashe mutum ba, mai son taimako ne. A duk labarin nan ku nuna mini azzalumi ɗaya. Babu. Mai gari jama'arsa yake ji, baduku iyakar gwanintarsa ya zuba, mai bincike abin da ya gani ya rubuta. Amma taya ba ta san niyya ba, asiransi ma haka. Saboda haka in mutum ya zo muku da tsaga a gefen taya yana magiya, yana cewa a lallaɓa masa ya kai gida kawai, ku ce a'a. Zai zage ku, ya ce ba ku da imani. Ku bar shi ya zaga. In kuma larura ta sa an yi dabarar daji don a fita daga daji, to a tsaya a wuri na farko da aka samu, kada a ce tunda ta kai nan za ta kai can.

Habu ya koma noman yashin gidansu, kuma bai sake riƙe sitiyari ba. Mutanen ƙauyen nan ba su manta da shi ba, duk kaka sai jakai sun isa Kwaya da dammunan gero, har bayan rasuwar Baba Mutari. Bai yi yunwa ba, amma wanda ya san shi a da ya san an cire masa wani abu. Nakan je gaishe shi in na sami hutu. Bayan mun gama gaisuwa, tambayarsa ɗaya ce, ba ta canzawa: "Lawali, wa ke jan motata yanzu?" Motar ta daɗe da zama tarkace a bayan garaj, kaji na ƙwai a cikinta. Har Allah ya karɓi ransa ban iya gaya masa ba. Sai in ce tana nan lafiya, shi kuma ya ce in gaya wa yaron da ke jan ta ya riƙa bin ta a hankali.